Dunduniyar Injin Jirgin Ruwa: Ƙaramin Lahani da Abin da Yake Jawowa

Birnin Jos yana kan tsauni, nesa da manyan koguna. Duk da haka, ana shiga jirgin ruwa a can. Haƙar kuza da Turawa suka bunƙasa tun farkon ƙarni na 20 ta bar ramuka masu yawa, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna. Ɗaya daga cikinsu yana Rayfield, a kudancin birnin, inda masu yawon shaƙatawa suke hawa ƙananan jirage. A wasu wurare kuwa, kamar Yawuri da ke bakin kogin Kwara, jirgi mai inji shi ne motar zuwa kasuwa.

Injin irin wannan jirgi a baya ake rataya shi. Kansa yana sama, ƙafarsa tana cikin ruwa. A ƙasan ƙafar akwai gidan giya da farfela. Can ƙarƙashinsu kuma akwai wani faifan ƙarfe mai kama da ruwan gatari. A wannan darasi za mu kira shi dunduniyar inji, domin shi ne ƙarshen injin daga ƙasa.

Dunduniya tana da aiki biyu. Na farko, tana kare farfela. Da yake ta fi farfela nutsewa, ita ce take fara cin karo da dutse ko kututture. Na biyu, tana tsaga ruwa, ta hana bayan jirgi zamewa hagu ko dama, sai jirgin ya bi inda matuƙi ya nufa. Da rani, idan ruwa ya ja baya, duwatsu kan matso kusa da sama, karo kuma ya yawaita. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa.

To, me yake faruwa idan dunduniya ta sami lahani? Amsar ta danganta da irin lahanin.

Idan ɗan gefenta kawai ya ɓalle, jirgi mai tafiya a hankali ba zai nuna wani bambanci ba. Abin da ake bukata shi ne a goge wurin da magagari ya yi sumul, a shafa fenti.

Idan ta lanƙwashe, ko da kaɗan ne, sai ta riƙa tura ruwa gefe ɗaya. Jirgi zai dinga karkata, matuƙi kuma ya yi ta jan hannun inji don ya miƙar da shi. Hannunsa zai gaji, gudu ya ragu, mai kuma ya ƙare da wuri. Duk yadda gudu ya ƙaru, haka karkatar take ƙaruwa.

Idan babban yanki ya karye, farfela ta rasa mai kare ta. Bayan jirgi kuma yana iya zamewa a lokacin juyawa. Ga jirgin da ya ɗauki mutane da kaya, wannan zamewa tana iya jawo kifewa.

Akwai kuma lahanin da ido ba ya saurin gani. Tsaga tana iya tashi daga dunduniya ta kai gidan giya, ruwa ya shiga ya gauraya da man giya. Alamar haka ita ce man ya yi fari kamar madara. In aka ci gaba da tafiya, haƙoran giya za su cinye, injin ya tsaya a tsakiyar ruwa. Haka kuma, idan injin ya fara karkarwa bayan karo, mai yiwuwa sandar da take juya farfela ta lanƙwashe.

Saboda haka, matuƙi mai hankali yakan ɗaga inji ya duba shi bayan kowane karo. Ba ya dukan dunduniya da guduma, domin da sanholo aka zuba ta, kuma tana iya karyewa. Yakan kai ta wurin makanike. Idan za a yi walda, sai an zubar da man giya an fitar da robobin da ke hana ruwa shiga, don kada zafi ya ƙona su. Fasinja kuma ya sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi. Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi yake tsone maka ido.

Ma'anar kalmomi

Kuza: ma'adinin da ake haƙa a ƙasar Jos.
Farfela: fankar da take juyawa ta tura jirgi gaba.
Kututture: gindin itace da ya rage bayan an sare shi ko ya mutu.
Magagari: abin goge ƙarfe.

Tambayoyi

1. Yaya aka yi tafkuna suka samu a Jos?
2. Kawo ayyuka biyu na dunduniyar inji.
3. Me man giya mai fari yake nunawa?
4. Bayyana dangantakar karin maganar da ke ƙarshe da wannan darasi.