Amurka: Abin da doka ta tanada ga mai son kai sabuwar mata bayan rabuwa da ta farko

Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ƙayyade sau nawa mutum zai nema wa matar da ya auro daga ƙetare izinin zama a ƙasar ba. Wanda ya taɓa kai mace, daga baya zama ya ƙi daɗi aka rabu, yana da damar sake cike fom ɗin I-130 domin sabuwar amarya. Sai dai buƙata ta biyu ba ta tafiya kamar ta farko. Fom ɗin kansa yana tambayar ko mai nema ya taɓa nema wa wani, da sunan wanda aka nema wa, da yadda aka ƙare. Bayan wannan, akwai wani alƙawari da mijin ya sa wa hannu tun a karon farko wanda saki ba ya warware shi. Dokar ba ta bambanta namiji da mace ba: abin da ya hau kan mijin da ya kai mata, shi ne ya hau kan matar da ta kai miji.

Alƙawarin da ba ya mutuwa da mutuwar aure

Tun bayan gyaran doka na shekarar 1996, duk mai kai matarsa Amurka sai ya sa hannu a fom ɗin I-864, wato takardar rantsuwar ɗaukar nauyi. Mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin ɗaya daga cikin tarin takardun biza, alhali kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai sa hannu da gwamnatin Amurka, wadda kotu ke iya tilasta aiki da ita. A cikinta mijin ya yarda zai tabbatar da cewa abin da ke shigo wa matar a shekara bai gaza kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa ba. Idan kuma ta karɓi wasu nau'o'in tallafin marasa ƙarfi, kamar na abinci, hukumar da ta biya tana da ikon neman kuɗinta daga wurinsa.

A fahimtar da aka saba da ita a gida, nauyin ci da sha da ke kan miji yakan sauka da cikar idda. Wannan takarda ba ta san da idda ba. Nauyin yana sauka ne idan matar ta zama 'yar ƙasar Amurka, ko aka lissafa mata zango 40 na aiki, kimanin shekara 10 ke nan, ko ta rasa izinin zamanta ta bar ƙasar, ko kuma ɗayansu ya rasu. Babu saki a cikin jerin. Hasali ma sakin na iya tsawaita nauyin, domin muddin suna tare ana haɗa mata da zangunan aikin da mijin ya yi a lokacin auren, amma da zarar an rabu wannan lissafi ya faɗi, sai abin da ta yi da hannunta.

Kotunan Amurka ba su ɗauki wannan da wasa ba. A shekarar 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago, a hukuncin da Mai Shari'a Richard Posner ya rubuta kan ƙarar da wata 'yar China ta shigar da tsohon mijinta, ta ce ba dole ba ne matar ta nuna ta nemi aiki kafin ta karɓi haƙƙinta. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta ce hukuncin saki bai soke wannan nauyi ba, haka ma yarjejeniyar da ma'aurata suka ƙulla kafin aure cewa babu mai neman komai a wurin wani.

A nan ne tsohon aure yake shiga lissafin sabon. Wajen auna ko kuɗin mai nema sun isa, ana ƙidaya mutanen da ke wuyansa, kuma tsohuwar matar tana cikinsu muddin alƙawarin nata bai sauka ba, ko da sun shekara biyar ba su ga juna ba. Bisa ma'aunin 2025, a duk jihohi in ban da Alaska da Hawaii, gidan mutum biyu yana buƙatar dala 26,437 a shekara, na mutum uku dala 33,312, na mutum huɗu dala 40,187. Saboda haka wanda yake ganin daga shi sai amarya, idan aka haɗa da tsohuwar mata da ɗa guda da yake ɗaukar nauyinsa, sai ya tarar an sa shi a layin mutum huɗu. Doka ta yarda ya nemo wani ya tsaya masa, amma shi ma wanda ya tsaya ɗin zai sa hannu ne a kan irin wannan alƙawari, kuma ana iya kai shi kotu kamar yadda za a kai mijin.

Yaushe aure ya mutu a idon hukuma?

Ga 'yan Najeriya mazauna Amurka, musamman Musulmi, nan ne aka fi yin tuntuɓe. Hukumar USCIS, mai duba waɗannan buƙatu, tana neman shaidar cewa kowane aure da miji ko amarya suka taɓa yi ya ƙare bisa doka kafin ranar da aka ɗaura sabon. Kwanan wata ake dubawa. Addini ya halatta wa namiji ya ƙara aure da mata a ɗakinsa, amma dokar shige da fice ta Amurka ba ta amince da auren da aka ɗaura alhali na farko yana nan ba. Wanda ya shigar da ƙarar saki a Texas ko Maryland, ya gaji da jiran kotu, ya zo gida aka ɗaura masa aure kafin alƙali ya yanke hukunci, ya yi asarar kuɗin fom da watannin jira. Fitowar hukuncin daga baya ba ta gyara abin da ya wuce. Abin da aka saba yi shi ne a sake ɗaura auren, a shigar da sabuwar buƙata.

Haka nan takardar sakin da miji ya rubuta da hannunsa ba ta wadatar ga ma'auratan da ke zaune a wata jihar Amurka, inda kotu ce ke raba aure. A 2008 babbar kotun jihar Maryland ta ƙi amincewa da sakin da wani ɗan Pakistan ya yi a rubuce a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Washington. Idan kuwa a Najeriya aka yi rabuwar, to irin auren ne ke nuna kotun da za ta ba da takarda. Auren rajista babbar kotu ce kawai ke warware shi, kuma hukuncinta na farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama na ƙarshe. Auren da aka ɗaura bisa Musulunci kuwa, takardar kotun shari'a ake nema. Bazawarar da za a kai ita ma sai ta kawo tata.

Akwai kuma batun ɗaurin aure da wakilai. Abu ne sananne a ƙasar Hausa a ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, waliyyi da wakili su gama magana, ango yana wata ƙasa. Dokar Amurka ba ta lissafa irin wannan aure sai an kawo shaidar cewa ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin auren.

Wanda shi kansa ta hanyar aure ya sami katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, yana da wani shingen na daban da aka kafa a dokar yaƙi da auren bogi ta 1986. Ba za a amince da buƙatarsa ta kai sabuwar mata ba sai ya cika shekara biyar da samun katin, sai fa idan ya kawo ƙwararan hujjoji cewa auren farko na gaskiya ne, ko kuma mutuwa ce ta raba. Masu bin hanyar bizar K-1, wadda ɗan ƙasa kaɗai ke iya nema wa wadda zai aura, su ma an yi musu iyaka: wanda ya taɓa nema sau biyu, ko aka amince masa da ɗaya cikin shekara biyu da suka gabata, sai ya roƙi sassauci na musamman.

Fushi yakan sa wasu su rubuta wa hukuma cewa auren farko dama na takarda ne, da nufin a kori tsohuwar matar su huta da nauyinta. Wannan daɓa wa ciki wuƙa ne. Miji ba shi da ikon soke katin matar da ya saka, kuma ko da katin nata na sharaɗi ne mai wa'adin shekara biyu, tana iya neman a cire sharaɗin ita kaɗai idan ta nuna da zuciya ɗaya ta shiga auren. Shi kuwa idan ya amsa cewa da saninsa aka yi auren bogi, ya amsa laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma wasiƙar tasa tana nan a fayil ranar da zai zo neman wa amarya.

Kanada, inda 'yan Najeriya ke ƙara yawa, ta bi wata hanyar. A can wa'adin ɗaukar nauyin mata shekara uku ne daga ranar da ta sami izinin zama na dindindin, saki bai yanke shi ba, kuma ba a yarda mutum ya nema wa wata ba sai wa'adin ya cika. Auren wakilci kuwa, tun watan Yunin 2015 ta daina karɓar sa.

Ko an cika duk waɗannan sharuɗɗa, amincewar USCIS ba ita ce biza ba. A Najeriya, ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ne ke ganawa da masu neman bizar ƙaura, kuma siyasar Washington tana iya rufe ƙofar baki ɗaya. A farkon 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bai wa 'yan Najeriya irin wannan biza, Joe Biden ya soke matakin ranar 20 ga Janairun 2021. A watan Disambar 2025 Trump ya sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ƙaura daga ranar 1 ga Janairun 2026, kuma sanarwar ba ta keɓe matan da 'yan ƙasar Amurka suka aura ba.