Jean Mermoz: matuƙin da ya ƙetara teku da buhunan wasiƙu

Yau in muna son gaida ɗan'uwa da ke ci-rani, sai mu danna salula, kafin mu aje ta saƙo ya isa. To amma shekaru ɗari da suka wuce, wasiƙa daga Faransa zuwa Amurka ta Kudu sai ta yi makonni cikin jirgin ruwa. Waɗanda suka rage wannan jira matuƙan jiragen sama ne, kuma da yawansu sun biya da rayukansu. Cikin waɗanda suka fi suna akwai Jean Mermoz.

An haife shi ranar 9 ga Disamba 1901 a Aubenton, arewacin Faransa. Ya koyi tuƙin jirgi a aikin soja, ya yi aiki a Siriya. A 1924 ya shiga kamfanin Latécoère da ke Toulouse, wanda daga baya ya zama Aéropostale. Shugaban zirga-zirga, Didier Daurat, bai ba shi jirgi nan take ba. Sai da ya fara tura shi wajen makanikai, ya sha wankin inji tukuna. Dokar Daurat guda ce: ko ana ruwa ko ana iska, wasiƙa ta isa kan lokaci.

Hanyar kamfanin tana tashi daga Toulouse, ta bi Sifen da Maroko, ta gangaro bakin teku har Dakar. Jiragen wancan zamani inji ɗaya gare su, matuƙi yana zaune a buɗe, iska na dukansa. Mu da muka san hamada ai mun san abin da ake nufi in inji ya mutu nesa da rijiya. Haka ta faru ga Mermoz a 1926 tsakanin Kasablanka da Dakar. Ya sauka dole cikin rairayi, makiyayan yankin suka kama shi, sai da aka biya fansa suka sake shi.

Daga nan aka tura shi Amurka ta Kudu, inda ya fara kai wasiƙu cikin dare don kada buhuna su kwana a ƙasa. A 1929 jirginsa ya maƙale a kan duwatsun Andes, a tsayin kusan mita 4,000. Shi da makanikensa Alexandre Collenot suka kwana biyu zuwa uku cikin matsanancin sanyi suna gyara, sannan suka sako jirgin kan gangara har ya samu ƙarfin tashi.

Sauran matsala guda: tekun Atlantika. Jirgin sama ya kawo wasiƙu gaɓar Sanigal, amma sai an loda su a jirgin ruwa a yi kwanaki kafin a kai Barazil. Ranar 12 ga Mayu 1930, Mermoz ya tashi daga Saint-Louis ta Sanigal tare da Jean Dabry mai duba hanya da Léopold Gimié mai kula da rediyo. Sun ɗauki kilo 130 na wasiƙu, suka yi tafiyar sama da kilomita 3,000 cikin awa 21, suka sauka Natal ta Barazil. Wannan ne karon farko da wasiƙu suka ƙetare kudancin Atlantika ta sama ba tare da yada zango ba. A dawowa kuwa mai ya riƙa yoyo daga inji, dole ya sauka kan ruwa, wani jirgin ruwa ya kwashe su.

Dokar da ta ɗaga shi ita ce kuma ta raka shi ranar ƙarshe. Ranar 7 ga Disamba 1936, lokacin kamfanin ya riga ya narke cikin Air France, ya tashi daga Dakar da asuba cikin jirgi mai inji huɗu da ake kira Croix-du-Sud. Ɗaya daga cikin injinan ya ba da matsala, ya juyo. Babu wani jirgin da za a canza masa, sai aka yi gyaran gaggawa ya sake tashi. Da ƙarfe 10:47 na safe rediyonsa ya sanar cewa za su kashe injin baya na dama. Daga nan shiru. Ba a ga jirgin ba, ba a ga shi da abokan aikinsa huɗu ba. Saura kwana biyu ya cika shekara 35.

Har gobe akwai unguwa a Dakar mai suna Mermoz. Mu dai tambayar da labarinsa ya bar mana ita ce: in aka ce kaya su isa kan lokaci ko ta halin ƙaƙa, wa ke ɗaukar hatsarin? Direbobinmu da ke shiga hanyar Agadez da mota mai ciwo sun fi kowa sanin amsar.