Idan Kuskure Ya Faru A Asibiti, Wa Ke Duba Halin Likita Da Nas?



Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Garuwa, ko a Pitowa, Gider da Lagdo, ya san yadda aiki ke yi wa ma'aikatan lafiya yawa, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ko da damina idan zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakunan yara. A ko'ina a duniya, gajiya da ƙarancin hannu su ne ƙofar kuskure: a ba wani maganin wani, a kuskure lissafin allurar jariri, ko a makara wajen gane cewa mai jego na zubar da jini. Idan haka ta faru hankalinmu yakan koma kan majinyaci da iyalinsa, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai akwai wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba, wato likita ko nas ko ungozomar da abin ya faru a hannunta.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 na cutuwa a yayin da ake kula da shi. A asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kuwa, ana samun irin waɗannan aukuwa kimanin miliyan 134 a shekara, waɗanda ke da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6. Saboda haka ne a 2019 aka ware ranar 17 ga Satumba ta kowace shekara don tunawa da kariyar majinyata, kuma a 2020 aka mayar da hankalin ranar kan lafiyar su ma'aikatan.

Bayan kowace aukuwa akwai ma'aikacin da zai koma gida da abin a ransa. A shekarar 2000 wani likita na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Albert Wu, ya yi rubutu a mujallar likitoci ta BMJ, inda ya kira irin wannan ma'aikaci mutum na biyu da abin ya raunata. Binciken da ya biyo baya ya nuna alamomi kusan iri ɗaya: rashin barci, yawan tuna abin da ya faru, kunya, tsoron taɓa majinyaci, da shakkar ko ya cancanci aikin. Wasu su warke, wasu su ajiye aiki, wasu kuma abin ya kai su ga hallaka. A birnin Siyatil na Amurka, wata nas da ta fi shekara 20 tana aiki ta kuskure awon maganin wata jaririya a 2010, aka sallame ta, bayan 'yan watanni ta kashe kanta. Allah Ya kiyashe mu.

Akwai iyalan majinyata da ba sa jin daɗin wannan suna, suna ganin kamar ana daidaita baƙin cikinsu da na wanda ya yi kuskuren. Ƙorafinsu abin saurare ne. Amma ma'aikacin da aka bari cikin ruɗani zai koma bakin aiki gobe, kuma 'ya'yanmu da matanmu zai duba. Wanda kuma ya ga yadda aka wulaƙanta abokin aikinsa, ranar da nasa ya faru ɓoyewa zai yi, kuskuren da aka ɓoye kuwa ba a gyara shi.

Yadda shirin tallafi yake

A tsarin asibitocin Jami'ar Misuri, wata nas mai suna Susan Scott ta jagoranci kafa shirin forYOU mai matakai uku. Na farko, abokan aiki da shugaban sashe su kula da mutum nan take, su tambayi halinsa, su karɓe masa aiki na ɗan lokaci idan da buƙata. Na biyu, a haɗa shi da abokin aiki da aka horar musamman don saurare cikin sirri. Na uku, idan abin ya yi nauyi, a miƙa shi ga masanin halayyar ɗan Adam ko likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin Johns Hopkins ya buɗe nasa shirin mai suna RISE a 2011, inda ake samun mai saurare dare da rana.

Da irin waɗannan shirye-shirye suka yawaita, sai tambaya ta taso: yaya za a bambanta shirin gaske da wanda yake a takarda kawai? Daga 2020 wata haɗakar masu bincike ta Turai mai suna ERNST, ƙarƙashin jagorancin Farfesa José Joaquín Mira na ƙasar Sifaniya, ta yi aiki a kan wannan batu. Daga aikinta ne aka samar da tsarin RESCUE, wanda ke auna shirin asibiti da horon masu sauraren bisa rubutattun ƙa'idoji, sannan a ba da takardar shaida.

Amfanin tantancewa shi ne wani daga waje ya zo ya duba, ba asibiti ya yabi kansa ba. Shin akwai rubutacciyar doka da shugabanni suka sa wa hannu? Shin kowa, har da masu shara da ɗaliban da ke koyon aiki, ya san wanda zai kira? Cikin awa nawa ake amsa masa? Shin abin da ya faɗa cikin sirri zai koma fayil ɗin ladabtarwa? Shin ana sanar da iyalan majinyaci gaskiyar abin da ya faru? Idan babu amsa mai gamsarwa kan sirri, ba wanda zai buɗe baki, shirin kuma ya mutu tun kafin ya fara.

Matsayin shari'a

Wani zai ce wannan ai kare mai laifi ne. Malamanmu sun daɗe da warware wannan. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa masu magani kashi biyar, ya bambanta gwanin da ya yi aiki yadda ya kamata da izini, da jahilin da ya yi shisshigi, da gwanin da hannunsa ya kuskure. Ibn Rushd, malamin Malikiyya, ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa kuskuren likita yana cikin babin laifin da ba a yi da gangan ba, akwai diyya a cikinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta fitar da ƙuduri kan lamunin likita a zamanta na Maskat a 2004.

Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta tanadi diyya da kaffara a kisan kuskure. Malamai da yawa sun ce dangin mutum na ɓangaren uba ne ke ɗaukar nauyin diyyar tare da shi. Ke nan shari'a ta biya wanda aka cutar haƙƙinsa, ta kuma hana a bar mai kuskure shi kaɗai da kaya. Imani da ƙaddara bai soke bincike ba, bincike kuma bai halatta zagi da duka a harabar asibiti ba. Wanda ya yi ganganci ko ya zo aiki a buge, hukuncinsa daban ne, kuma shirin tallafi ba mafakarsa ba ce.

Abin da ya rage mana a Arewa

Kamaru ta ɗanɗana irin fushin da ke biyo bayan mutuwa a asibiti, kamar yadda aka gani a Duwala a watan Maris na 2016 bayan rasuwar wata mai cikin tagwaye a ƙofar asibitin Laquintinie. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, ƙasa da 782 na binciken 2011. Shirin cekin lafiya na mata masu ciki a yankunan Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa ya ƙara jawo mata zuwa asibiti, wanda alheri ne, amma nauyi ne a wuyan ungozomomi.

Fara wannan aiki bai buƙatar na'ura mai tsada. Kowane asibiti zai iya zaɓen mutum biyu ko uku masu riƙe amana a horar da su. Zaman bitar mutuwar masu haihuwa zai iya zama wurin neman inda tsari ya gaza, a maimakon wurin tozarta wanda ke kan aiki a daren. Tsangayar likitanci ta Jami'ar Garuwa, jami'ar da aka kafa a 2022, za ta iya koya wa ɗalibai wannan tun kafin su fara duba majinyata. Ma'aikatar Lafiya da Majalisar Likitocin Kamaru kuma su ne suka dace su rubuta ƙa'idojin tantancewa da suka yi daidai da ƙarfin asibitocinmu.

Mu ma da namu rabon. Limamai su yi bayanin hukuncin kuskure a huɗuba da majalisun karatu, su kuma riƙe sirrin ma'aikacin da ya zo musu da damuwarsa, su nuna masa hanyar likita idan abin ya fi ƙarfin nasiha. Iyalan da abin ya shafa su nemi bayani da haƙƙinsu ta hanyar hukuma. Wanda yake da ɗan uwa ma'aikacin lafiya kuma, idan ya ga ya daina cin abinci da barci bayan rasuwar wani majinyaci, ya zauna ya saurare shi, kada ya tsaya ga cewa ya yi haƙuri kawai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yi wa masu jinyarmu jagora. Amin.