Ilmin Kwatanta Dabarun Tsaron Ƙasa

A cikin shirinmu na ilmi na yau za mu yi magana a kan wani fanni da a ke koyarwa a manyan jami'o'in duniya, watau nazarin dabarun da gwamnatoci ke bi don tsare ƙasashensu. Ɗaya daga cikin shahararrun wuraren koyonsa shi ne sashen nazarin yaƙi na Kwalejin King's da ke Landan, wanda masanin tarihi Michael Howard ya kafa a 1962.

Masu wannan karatu suna da wata matsala tun daga tushe. Manomi in yana so ya san amfanin wani taki, sai ya raba gonarsa biyu, ya zuba wa rabi, ya bar rabi, ya jira kaka. Masanin tsaro ba shi da wannan dama, gama ba a tada yaƙi don gwaji. Saboda haka sai ya koma ga abubuwan da suka riga suka auku, ya jera su, ya gwama wannan da wancan.

Wani shehun malami na Ingila, John Stuart Mill, shi ya tsara ƙa'idodin kwatanci a cikin littafinsa na 1843. Ƙa'ida ɗaya ita ce, in al'amura biyu sun yi daidai ta kowace fuska sai abu guda, kuma ƙarshensu ya bambanta, to, wannan abu guda shi a ke tuhuma. Amma shi kansa Mill ya yi gargaɗi cewa da wuya a sami ƙasashe biyu da suka yi kama haka. Ga labarin da zai nuna gaskiyar gargaɗin nan.

A 1948 'yan kwaminis suka tada ƙayar baya a Malaya, wadda a lokacin ta ke ƙarƙashin mulkin Ingila. Suna ɓuya cikin kurmi, abincinsu kuwa daga ƙananan manoma na bakin daji ya ke fitowa. A 1950 Janar Harold Briggs ya fito da wata dabara, aka kwashe manoman nan, wajen mutum 500,000, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka fiye da 400, aka kewaye su da waya mai ƙaya, aka sa ido a kan kowane mudun shinkafa. Mutanen sun sha wuya ƙwarai, amma yunwa ta karya 'yan tawaye, har aka ɗage dokar ta-ɓaci a 1960.

Da ganin haka sai aka ce an sami magani. A 1961 Ingila ta aiki Robert Thompson, wanda ya yi aikin nan a Malaya, ya ba gwamnatin Biyetnam ta Kudu shawara. A 1962 gwamnatin Shugaba Ngo Dinh Diem ta shiga gina ƙauyuka masu shinge, dubbai cikin ƙasa da shekara 2. Yawancinsu ba su tsare kowa ba. Da sojoji suka hamɓarar da Diem suka kashe shi cikin watan Nuwamba na 1963, sai shirin ya watse.

To, me ya sa dabara ɗaya ta ci a can, ta faɗi a nan? A nan aikin ɗalibi ya ke farawa. Wani malami na Jami'ar Stanford a Amurka, Alexander George, ya koyar da cewa a tsara tambayoyi tun da fari, sa'an nan a yi wa kowace ƙasa tambayoyin nan daidai wa daida, kada a zaɓi abin da ya yi wa mutum daɗi.

Tambaya ta fari: su wane ne 'yan tawayen? A Malaya galibinsu 'yan asalin ƙasar Sin ne, Malayawa kuwa, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, ba su goya musu baya ba. A Biyetnam ɗan tawaye da manomi ƙabilarsu ɗaya, harshensu ɗaya, sau da yawa ma gidansu ɗaya.

Ta biyu: me wanda aka tayar ya samu, me ya rasa? Manoman Malaya ba su da takardar mallakar filayen da su ke nomawa, a sababbin ƙauyukan kuwa da yawa sun sami fili da makaranta da ɗakin shan magani. Manomin Biyetnam raba shi aka yi da gonar gado da kaburburan kakanninsa, aka kuma sa shi aikin shinge ba lada.

Ta uku: daga ina makamai ke zuwa? Malaya teku ya kusa kewaye ta, iyakarta da Tailan gajeriya ce. Biyetnam ta Kudu kuwa tana da doguwar iyaka da Laos da Kambodiya, ta nan mayaƙa da kayan yaƙi su ke kwararowa daga Arewa.

Ta huɗu: wane alkawari gwamnati ta yi wa jama'a? Ingila ta yi alkawarin mulkin kai, ta kuwa cika ran 31 ga Agusta, 1957, sai 'yan tawaye suka rasa babbar hujjarsu. Diem bai nuna wa talakawansa wani abu mai kama da wannan ba.

Kun ga bambanci ya zama huɗu, alhali ƙa'idar Mill guda ɗaya ta ke bukata. Da ƙasashe biyu kaɗai ba mai iya rantsewa cewa ga wanda ya jawo faɗuwar. Don haka malami ya kan umurci ɗalibi ya ƙaro misali na uku. A yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, sojojin Faransa sun tattara mutum wajen miliyan 2 a sansanoni masu gadi, duk da haka Faransa ta bar ƙasar a 1962. Watau an kewaye jama'a da waya a wurare uku, gwamnati ta kai ga burinta a wuri ɗaya tak. Wannan ya isa ya nuna cewa waya kaɗai ba ta kawo nasara, ko da ya ke bai nuna abin da ke kawo ta ba. Faɗin abin da hujja ta tabbatar, da tsayawa inda ta tsaya, shi ne rabin wannan karatu.

Jama'a, amfanin wannan ilmi bai tsaya ga ɗalibai ba. Duk ran da kuka ji wani shugaba ya ce dabara kaza ta kawo zaman lafiya a ƙasa kaza, saboda haka a kawo ta nan, ku tambaya: ta ina ƙasashen biyu suka yi kama, ta ina suka bambanta, kuma ina ne aka gwada dabarar ba ta ci ba? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Manoman Biyetnam da aka rushe wa gidaje a 1962 su suka biya kuɗin mantuwa da wannan magana.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.