Shafin Da Ba Shi Da Edita

A ɗakin labarai, kafin labari ya kai kunnen jama'a sai ya bi ta hannun mutum biyu ko uku. Edita zai tambayi wakili: wa ya faɗa maka? Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Amma da wakilin nan ya koma gida ya ɗauki wayarsa, babu mai yi masa wannan tambaya. Shi ne wakili, shi ne edita, shi ne maɗaba'a, kuma yatsa ɗaya ya isa.

Wasu abokan aikinmu kan rubuta a saman shafinsu cewa abin da ke ciki ra'ayinsu ne, ba na wurin aikinsu ba. A ganina wannan rufin ɗan kwali ne a tsakiyar damina. Dubban da ke bin shafin ba don kyawun fuskar mai shi suka zo ba, sun zo ne don sun san muryarsa a rediyo ko sunansa a jarida. In ya rubuta "da ɗumi-ɗumi", gobe a majalisar mai shayi za a ce ai ɗan jarida ne ya faɗa.

Ko BBC ta sha fama da wannan. A watan Maris na 2023 ta dakatar da Gary Lineker daga gabatar da shirinta na ƙwallon ƙafa, saboda sukar da ya yi a Twitter kan manufar gwamnatin Birtaniya game da masu neman mafaka. Abokan aikinsa suka ƙaurace wa shirye-shirye, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi, aka kuma sake duba ƙa'idojin. To, wannan rigimar ra'ayi ce kawai. Tamu ta fi haka nauyi.

A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar daga baya ya gano cewa wani bidiyon da aka yi ta yaɗawa ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango Barazabil ne, tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. A rana irin wannan, ɗan jaridar da ya tura hoto ya rubuta "kamar yadda na samu" bai wanke kansa ba. Aron sunansa ya ba ƙarya ta yi ado da shi.

Ba kuma rashin ƙa'ida ne ya kawo haka ba. Tun 1998 ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu gidajen jaridu suka amince da kundin ɗa'ar aiki a Ilori, shekara shida kafin a ƙirƙiro Facebook. Kundin ya wajabta tantance labari da ba wanda aka zarga damar kare kansa. Ya hana karɓar na goro don a buga labari ko a danne shi. Ya kuma hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar fyaɗe ko wani laifi. Yau sai ka ga fuskar yarinyar da aka ci wa zarafi a shafin mutumin da ya san jaridarsa ba za ta taɓa buga ta ba, wai yana nema mata tausayi.

Na goron ma ya sauya riga. Da ambulan ne bayan taron manema labarai, yanzu kuɗin data ne a ƙarshen wata, mutum ya wuni yana yabon wani ɗan siyasa a shafinsa, da yamma ya zauna ya karanta labarai a kansa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gyara kuskure. Jarida in ta yi tuntuɓe takan buga gyara ta nemi afuwa. A shafin sada zumunta kuwa sai mutum ya goge rubutun cikin dare, ya yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Alhali kafin ya goge an riga an ɗauki hotonsa, yana can yana yawo a zaurukan WhatsApp, da sunansa da hotonsa a sama.