Motar Gazuwal da Mas'alar Farar Wuta

Tun watan Agusta na 2025, sa'ad da hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta ba da sanarwar sassauta ƙa'ida a kan motocin gazuwal, wata magana ta bazu a garejojin Tasawa da tashar Mayahi, wai Turawa sun yi nadama sun soke na'urorin tace hayaƙi, saboda haka mai niyyar sayen Hilux ya dakata har sababbi marasa matata su iso. Haƙiƙanin abin da hukumar ta faɗa kuwa shi ne, daga ƙirar 2027, kada mota ta riƙa yanke ƙarfinta farat ɗaya a tsakiyar hanya don ruwan tace hayaƙi ya ƙare. Na'urorin suna nan daram, kuma motocin da ake nufi ba su ne masu ɗaukar gero da wake daga Kananbakashe zuwa Maraɗi ba.

Na'urorin biyu ne a taƙaice: matatar da ke kama baƙin ƙurar hayaƙi ta ƙone ta, wadda ta zama lazim a Turai tun ƙa'idar Euro 5 ta 2009, da ruwan tace hayaƙin nan, AdBlue, wanda asalinsa yuriya ce, 'yar'uwar takin da manoma suka sani, sai dai an tsarkake ta ƙwarai, don haka kada kowa ya jiƙa takin gona ya ɗura.

Amma mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta, wadda masu jayayya a garejoji ba su cika ambatawa ba, ita ce farar wuta, wato kibritu, da ke cikin man kansa. Gazuwal ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan tun 2009, kuma a bisa wannan mizani aka ƙera waɗannan na'urori. Idan aka shayar da su mai mai yawan farar wuta, sai matata ta toshe, inji ya shaƙe, makanike ya yanke ta ya jefar, a ce ƙirar ce ba ta da albarka, alhali abincinta aka gurɓata. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta tona yadda manyan 'yan kasuwar mai suke haɗa wa Afirka ta Yamma gazuwal na musamman, wanda farar wutarsa ta ninka ta Turai sau ɗaruruwa, suna riba da abin da dokar ƙasashensu ta haramta musu sayarwa a gida. Wannan algus ne, irin wanda malaman fiƙihu suka ɗora wa muhtasibi alhakin hanawa a kasuwa, tun zamanin da ake zuba ruwa a nono. A Fabrairun 2020 ministocin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka taru a Wagadugu suka yanke kashi 50 cikin miliyan, suka ba matatun man fetur na yankin wa'adi zuwa 2025. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Ficewa daga ƙungiya ba ta sauke wajibin kiyaye huhun talaka, domin tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar hayaƙin gazuwal yana haddasa shi, kuma mai shaƙarsa da fari shi ne yaron mota da mai tallar ƙosai a bakin tasha.

Muna da matatar manmu, SORAZ, a arewacin Damagaram, tana aiki tun 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini. Gwamnati ta rage kuɗin litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618 a Yulin 2024, kowa ya ji a rediyo. Me zai hana ita da kamfanin mai na ƙasa, SONIDEP, su rubuta adadin farar wuta a jikin kowane famfo, kamar yadda ake rubuta farashi? Amana ce, kuma jinkirta ta ba shi da uzuri.

Mai saye kuwa, ya bar sauraron Washinton ya dubi abin da ke gabansa. Tun rufe iyakar Benin a 2023 motoci suna zagayowa ta Lome da Burkina, tafiyar ta yi tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru, jira kuma bai sauko da farashi ba. Wanda aikinsa rairayin Gulbin Kaba ne, mai shan man jarka a ƙauye, abin da ya fi masa maslaha ita ce ƙirar da aka yi domin Afirka, irin Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda kowane makanike a Tasawa ya san cikinsa. Wanda kuma ya zaɓi tsohuwar Turai, ya sa a leƙa ƙarƙashinta tukuna, gama da yawa an sare musu matata tun kafin su hau jirgin ruwa, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, sannan a sayar masa da ita a kuɗin cikakkiya. Lokacin sayen da na fi so wa ɗan kasuwa shi ne ƙarshen damina, kafin kuɗin kaka su shiga hannu dillalai su ɗaga kai, ta yadda motar za ta fara biyan kanta da jigilar wake da riɗi a watan farko.