'Yan mishan a Zariya: Daga cikin birni zuwa Wusasa

Duk wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya shiga Tudun Wada, ya taka wata iyaka da Turawan mulkin mallaka suka shata fiye da shekaru ɗari da suka wuce.

A tsarin nasu, cikin ganuwa na Zazzagawa ne, Tudun Wada na baƙi ne 'yan Arewa, Sabon Gari kuma na mutanen Kudu da suka biyo layin dogo.

Akwai kuma wuri na huɗu, wato Wusasa, a gindin dutsen Kufena, inda aka mayar da 'yan mishan da mabiyansu a shekarar 1929.

Labarin yadda suka kai can yana bayyana dalilin da ya sa aikin mishan bai sauya addinin ƙasar Hausa ba, amma kuma ya bar babban tasiri a fannin ilimin boko.

Zuwan Likita Miller

A shekarar 1900 wata tawagar Turawa biyar ta ƙungiyar mishan ta CMS, wadda ke ƙarƙashin cocin Ingila, ta nufi Kano bisa jagorancin Bishop Herbert Tugwell.

A cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a birnin Tarabulus na Libiya, a wurin fatake da mahajjata.

A lokacin Turawa ba su ci Kano da yaƙi ba tukuna. Sarkin Kano Alu bai yi wata-wata ba, ya umarce su da su fice masa daga gari.

Sun juyo suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Sai a shekarar 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar ƙaramar makaranta.

Wannan wani abu ne da ba a saba gani ba, domin a galibin sauran manyan biranen sarakunan Musulmi ba a bar 'yan mishan sun zauna cikin ganuwa ba.

Alkawarin Lugga

Abin da ya ɗaure wa 'yan mishan hannu shi ne alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a watan Maris na 1903, cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba.

Ba don ƙaunar Musulunci ya yi haka ba. Turawan ba su da yawa, kuma ta hannun sarakuna da alƙalai suke karɓar haraji da tafiyar da mulki. Duk abin da zai harzuƙa sarakunan barazana ne ga mulkin baki ɗaya.

Saboda haka sai razdanoni suka riƙa kallon Miller a matsayin mai neman tayar musu da zaune tsaye.

Ya so ya kafa makarantar 'ya'yan sarakuna, shirin bai yi nasara ba. A maimakon haka, gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ba tare da koyar da addinin Kirista ba.

Dangantakar Miller da fadar Zazzau ma ta yi tsami. Ya riƙa kai ƙorafe-ƙorafe kan yadda ake tafiyar da mulki, kuma masana tarihi da dama na ganin hakan na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi, aka kai shi Lokoja, inda ya rasu.

Ba abin mamaki ba ne da mutanen birni suka ƙara ɗari-ɗari da gidan mishan.

Isawa da Gimi

Shekaru sun yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi addinin Kirista a birnin ba su taka kara sun karya ba.

Sauyin ya zo ne daga inda ba a zata ba. A 1913 wasu mutane da ake kira Isawa suka zo wurin Miller.

Asalinsu almajiran wani malami ne, Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa, alaihissalam, wani matsayi na musamman a cikin karantarwarsa. An kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi.

Wasu daga cikin zuriyar waɗannan mutane sun karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi.

To amma zaman bai ɗore ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya hallaka da yawa daga cikinsu, har aka bar wurin.

Yaran da suka tsira su ne suka zama ginshiƙin makarantar mishan a Zariya.

A ƙarshe, bayan doguwar taƙaddama tsakanin gwamnati da fada da 'yan mishan, aka amince su bar cikin birni. A 1929 suka koma Wusasa, suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa, sannan makaranta da asibitin St Luke.

Bambanci da Amurka

Domin a gane girman abin da alkawarin Lugga ya hana, yana da kyau a dubi abin da ya faru a daidai wannan zamani ga ƙabilar Cheyenne, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar Amurka.

A can gwamnati ba ta taka wa 'yan mishan birki ba, hasali ma tare suka yi aiki. Manufar ita ce a narkar da ƙabilun cikin al'adar Turawa.

Daga 1879, lokacin da aka buɗe makarantar kwana ta Carlisle, an riƙa raba yara da iyayensu, a aske musu gashi, a sauya musu suna da sutura, a hana su magana da harshensu.

A 1883 hukumomi suka haramta wasu manyan bukukuwan ibadarsu na gargajiya, sannan dokar Dawes ta 1887 ta buɗe hanyar yanka ƙasar ƙabila zuwa gonakin ɗaiɗaikun mutane.

A cikin wannan yanayi ne wani ɗan mishan daga ƙasar Suwizalan, Rodolphe Petter, ya isa wurin Cheyenne a 1891. Kamar Miller, shi ma ya ƙare rayuwarsa yana nazarin harshen mutanen da ya zauna cikinsu. Ya wallafa ƙamus a 1915, da fassarar Sabon Alkawari a 1934.

Miller kuwa shi ne jigon aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932.

Aikin mutanen biyu ya yi kama, amma ƙarshen labarin ya sha bamban. A yau harshen Cheyenne na fuskantar barazanar ɓacewa, yayin da Hausa ke da miliyoyin masu magana da ita.

Bahaushe ya tari Bature yana da nasa rubutun ajami, da makarantun allo da na ilimi, da kotunan alƙalai, da sarautar da Turawan kansu ke bukata. Cheyenne kuwa an ci su da yaƙi, an tsare su a keɓaɓɓun yankuna, an kuma karkashe ɓaunar da suke dogaro da ita.

Abin da aka gada

Wusasa ƙaramin gari ne, amma ya fitar da mutanen da sunansu ya shiga tarihin Najeriya.

Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa a waɗannan shekaru, a Wusasa ya tashi. Haka kuma John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East.

Sai dai kariyar da aka yi wa addini ta zo da nata farashin. A Kudu makarantun mishan sun bazu ko'ina, a Arewa kuwa gwamnatin mallaka ba ta gina isassun nata da za su cike gurbin ba.

Ƙari a kan haka, iyaye da yawa sun ci gaba da kallon boko a matsayin ƙofar fita daga addini, zargin da har yanzu bai gushe gaba ɗaya ba.

Raba mazauni bisa addini da asali shi ma ya bar tabo. A watan Maris na 1987, rikicin da ya faro daga Kafanchan ya bazu zuwa Zariya, inda aka ƙona coci-coci da dama.

Miller ya rasu a 1952 a yankin Jos, bai ga abin da ya yi fata ba na mayar da ƙasar Hausa ta Kirista.

Amma asibitin Wusasa na nan, kuma Musulmi da Kirista daga birni da Tudun Wada da ƙauyukan kewaye sun daɗe suna zuwa can neman magani.